Audugar da Na Tuge a Kufan Su Inna

Jama'a, wannan abin da zan ba ku ba a bakin wani na tsinto shi ba, ni ɗin nan ya faru da ni, kuma idan kun ji na ce wallahi to ku ɗauke ta da nauyinta, don ni yanzu ba na wasa da rantsuwa, ita ta kai ni inda nake. Shekara bakwai ke nan da 'yan watanni, lokacin ina tuƙin tarakta, tantan ɗin nan ta noma, a ƙasar Wudil. Wani Alhaji nake yi wa aiki, ba sai na kama sunansa ba don shi ba ruwansa, fili ya saya ya ce a gyara masa. Kuma ba yabon kai ba, a lokacin daga Indabo har Kausani idan ana maganar haro, wato kaftar gona da tarakta, ni ake fara nema. Taƙamata ɗaya ce: ba na barin tsibiri a gona. Wasu direbobin idan suka tarar da kututture ko 'yar sarƙaƙiya sai su kewaye, gona ta fito kamar askin ɗan koyo, ni kuwa sai na bi ta kansa ko da faifan haro zai karye.

Mahaifiyata, Inna, ba a garin da muke zaune aka haife ta ba. Wani ɗan ƙauye ne can ciki bayan Indabo, mutanensa suka tashi tun tana yarinya suka dawo kusa da hanya, wurin ya zama kufai, babu abin da ya rage sai tudun tsofaffin katangu da rijiyar da ta rufta, sai kuma wata auduga. Audugar nan babu mai ran da ya san wanda ya shuka ta. Ba irin ta gona ba ce da ake shukawa da damina a tuge bayan kaka, ita itace ce sosai, ta fi ni tsawo, rani ya yi ta kaɗe ganye ka ce ta mutu, ruwa na sauka ta sake tohowa. Gindi bakwai ce, kuma Inna ta ce tun tasowarta haka take, wani gindin na tsufa wani na tasowa, amma kullum bakwai. 'Ya'yanta ƙanana ne, farinta ba fari tas ba, da ɗan duhu-duhu kamar nonon da aka dama fura a ciki, guryar kuwa manne take gam, sai an sha wuya take rabuwa.

To matan zuri'ar su Inna suna da al'ada a kan audugar nan: kowace mace da ita take kaɗa zaren likkafaninta, da hannunta. Ba a sayar da ita, ba a yi wa mai rai tufa da ita, ba a karya mata reshe, idan kuma an gurje to guryar ba a ba dabba, sai a mayar da ita kufai a watsa a gindin uwar. Da yake ba ta 'ya'ya da yawa, ga masu rabo, aikin yakan ɗauki mace shekaru. Inna ta fi shekara goma tana abu ɗaya, bana ta kaɗa mazari uku, baɗi biyu, in ya taru in kai wa Malam Sale, wani tsohon masaƙi a Ɗankaza, ya saƙa, ta ninke ta sa a adudunta. Komai ya haɗu sai babban mayafin da ake naɗe mamaci, shi ne ya gaza da kamu biyu daga wajen ƙafa, don Inna doguwa ce. Har dariya take yi, wai tsawon da aka yi ta yaba mata tana budurwa ga shi yau ya ja mata aiki. Tsinka ɗaya ta rage mata, ta kaka mai zuwa.

Ta sha gaya mini, "Ni ban roƙe ka Makka ba, ban roƙe ka ɗakin kwano ba. Abu ɗaya ne, kada a sa ni a yadin kanti." Ni kuma da bakin tsiya sai in ce, "Haba Inna, ƙasa ai ba ta tambayar inda aka saƙa." Sai ta ce, "Ƙasa ba ta tambaya, ni nake tambaya."

Da bazarar shekarar ne wakilin Alhaji ya ɗauke ni a babur ya nuna mini sabon fili, ya ce daga waccan tsamiya har bakin rafi a mayar da shi kamar tabarma. Ina dubawa na ga kufan su Inna a tsakiyarsa, ga audugar can a tsaye tsirara ba ganye. Ba zan yi muku ƙarya ba, na gane wurin sarai, ni nake rako Inna tsinka. Kuma da na buɗe baki na ce a bar wannan ɗan tudun, na san mutumin nan ba zai musa ba, wurin bai kai shimfiɗar tabarma goma ba. Amma sai na ce a raina, auduga ai auduga ce, in kaka ta yi na sayo mata wadda ta fi wannan fari da laushi, mene ne abin ɓata gona.

Kwana na biyu da fara aikin na juyo kan tudun. Rana ta take, irin zafin bazarar nan da ƙarfen tarakta ba ya taɓuwa, leburori biyun da ke tsince saiwoyi sun gangara rafi neman inuwa, ni kaɗai ne a filin. Sai na hango mutum zaune a gindin babbar audugar, wadda ba ta da ganyen da zai yi wa kaza inuwa. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, da baƙin zanen saƙi irin wanda rabona da gani tun kakata na da rai, ta tanƙwashe ƙafa, 'yar taskirar da ake murza mazari a ciki na gabanta, tana kaɗi abinta. Abin da ya kamata ya sa in yi ta kaina shi ne wannan: injin a kunne yake, kun dai san ƙarar tantan, na kusa da kai ma sai ya yi ihu, amma wallahi ina jin ƙugin mazarinta, firrr, firrr, tar a kunnena kamar a ɗaki ɗaya muke.

Na taka burki na leƙo na ce, "Sannu Iya, a ɗan matsa, aiki za mu yi." Ba ta ɗago ba. Ta lakaci alli, ta murza mazari, sannan ta ce, "Ɗan Hansatu, an wuni lafiya?" Sunan Inna ne na yanka, Allah ya yafe mini da na kama shi, kuma duk garinmu babu sauran mai shekarun da zai kira ta da shi gatsau haka.

Na ce, "Lafiya lau Iya. Daga ina?"

Ta ce, "Daga nan." Ta ja zare ta naɗe, ta ce, "Ka bar mana gindi ɗaya. Ɗaya tak. Akwai wadda ba ta gama ba."

Kai, girman kai masifa ne. Maimakon in sauko in durƙusa in gaishe ta kamar ɗan mutane, ina daga sama na ce, "Iya, ni aiki aka sa ni, kuma ni ba na barin tsibiri a gona." Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni. Ba harara ba, ba fushi ba, kallo ne irin na tela in zai yanka yadi, daga hulata har takalmina. Ta warware zare daga mazarin, ta miƙa hannu ta auna, ta ƙara, ta sa haƙori ta datse. Ta ce, "To. Idan ka hana a gama nata, ai sai a soma naka." Ta ɗauki taskirarta ta zaga bayan audugar. Jama'a, itacen da ba ganye, kana hango rafi ta tsakanin rassansa, amma ban ga fitarta ta ɗaya gefen ba. Na diro na zaga sau biyu, babu kowa, sai garin alli a ƙasa da ɗan zagayen gurbin da taskira ta zauna.

Mai hankali da daga nan ya juya gida. Amma mai rabon shan duka ba ya jin kwaɓa. Na yi a'uziyya, na ce rana ce ta buga ni, ga leburori sun taso suna tahowa, ina jin kunyar su ga na tsaya ina zagaya itace kamar wanda ya yar da allura. Na hau na sa giya. Saiwoyin audugar nan kamar cinyar mutum, haro na hawa yana tsalle, sai da na bi sau uku, babbar kuwa sai da muka ɗaura mata sarƙa na ja. Aka tara su aka cinna wuta. Kafin la'asar wurin ya zama fili fetal, wakili ya zo yana ta sa mini albarka, wai shi ya sa ba ya kiran kowa sai ni.

Damina ta sauka, Alhaji ya zuba masara a wurin. Inna kuwa a shekarar ƙafa ta ƙi, yanar ido kuma ta rufe mata gani sai dishi-dishi, ko zaure ba ta iya kaiwa. Duk ranar da aka yi ruwa sai ta ce, "Ruwan bana mai albarka ne, za ta yi 'ya'ya." Ni kuma in ce ƙwarai. Da abin ya fara cina sai na shiga nema. Duk ranar da ba aiki in hau babur in bi dazuzzuka da tsofaffin kufai, na bi bakin kogi, na tambayi makiyaya da masu saran itace ko sun taɓa ganin auduga mai fitowa da kanta. Wannan ya nuna mini tumfafiya, wancan ya kai ni gindin rimi, wani ma gurjiya ya nuna mini, duk suna da abu fari mai tashi a iska, amma na matashin kai ne, ba ya kaɗuwa ya zama zare. Irin ta su Inna ko gindi ɗaya ban samu ba.

Da kaka ta yi na shiga kasuwar Wudil ran Juma'a na sayi audugar gona da guryarta a wurin wani mai kawowa daga wajen Katsina. Fara tas. Na kai ta bayan gida na birkiɗa ta cikin ƙura da ɗan toka don ta dusashe, kun ji fa aikin ɗa ga uwarsa. Na shiga na ce, "Inna, na hutar da ke, na je na tsinko miki." Ta karɓa ta ɗora a cinya. Ta daɗe tana shafawa, ta kai hanci, ta kama gurya ɗaya ta ja, sai ga ta ta fita salin-alin ba gardama. Ta ce, "Wannan ta kufai ce?" Na ce ita ce. Ta ce, "Ka rantse?" Ni kuwa na buɗe bakin nan nawa na ce wallahi ta kufai ce. Sai ta ce, "To shi ke nan, tunda ka rantse. Miƙo mini taskira."

Wata biyu ta yi tana kaɗa ta da lalube, zaren na tsinkewa tana ƙullawa, ba ta taɓa cewa uffan ba. Da na kai wa Malam Sale, yana taɓawa ya ce, "Yaro, wannan zaren ba ɗan'uwan wancan ba ne." Na ce Baba a dai saƙa. Ya dube ni ya girgiza kai ya saƙa. Yafendo, ƙanwar Inna da ke aure a Kausani, ita ta zo ta ɗinke sabon ƙyallen a ƙasan mayafin da hannunta, a gabana ta ninke ta sa a adudu ta rufe. Na ce alhamdu lillahi, asiri ya rufu. Na manta ƙarya fure take ba ta 'ya'ya.

Na fi sau goma ina zuwa bakin ƙofarta da niyyar in faɗi gaskiya, sai in ce bari ta ɗan ji sauƙi, bari a sha ruwa, bari gobe. Kafin bazara ta zagayo ciwo ya kwantar da ita. Ranar da za ta cika, da hantsi ne, na durƙusa a gefenta na ce, "Inna, ki yafe mini." Ban ma faɗi laifin ba, har a lokacin ragon ne ni. Ta lalubo hannuna, ta zaro wani ɗan ƙullin tsumma daga ƙarƙashin matashi ta danƙa mini, ta ce, "Ka mayar musu." Na ce, "To Inna, amma ki ce kin yafe mini." Bakinta ya motsa, na kai kunne, ban ji komai ba. Daga nan ba ta sake magana ba sai kalmar shahada da Yafendo ke laƙƙana mata. Da na kwance ƙullin, gurya ce guda bakwai, ƙanana masu gashi, ta kufai ta gaske, ragowar tsinkarta ta ƙarshe da ƙafa ta hana ta mayarwa.

Muna zaune a ƙofar gida ana jiran a gama haɗa ta, sai aka ce Yafendo na kirana. Na same ta a soro da mayafin a hannu. Ta ce, "Likkafani bai kai ba." Na ce kamar yaya bai kai ba, ba ke kika ɗinka ba? Ta buɗe mini. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ga zaren ɗinkinta nan reras a bakin mayafin yana reto, ɗinki bai warware ba, amma ƙyallen da aka haɗa babu shi, sai wani gari-gari da ya zubo daga cikin ninkin. Ba gara ba ce, ba ɓera ba ne, don tsofaffin da suka shekara goma a adudun ko ƙwarzane babu. Kamu biyu cif, ƙafafun Inna a waje.

Haka aka tura mai babur ya yanko farin yadi a kanti aka cika. Liman ya ga yadda nake kuka ya ja ni gefe ya ce kowane farin ƙyalle mai tsarki ya isar, wannan ba ya rage ta da komai wurin Ubangiji. Na san gaskiya ya faɗa. Amma abu ɗaya matar nan ta roƙe ni a duniya, kuma da hannuna na saka ta a kabari ina jin santsin yadin kanti a ƙafarta.

Bayan addu'ar uku na kasa riƙewa na faɗa wa Yafendo komai. Ta bari na gama, ta ce, "Kai a tunaninka ba ta sani ba? Sati bai zagayo ba matan gari suka gaya mata wanda ya nome kufai. Jira take ka faɗa da bakinka. Da ka rantse kuwa ta ce mini gara ta kaɗa, kada ta mayar da ɗanta maƙaryaci a gaban Allah." Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Da na kwatanta mata tsohuwar, baƙin zanen da yadda ta datse zare da haƙori, sai ta kama bakinta, ta ce kada in sake tayar mata da wannan maganar. Har ta rasu bara ba ta gaya mini ko wace ce ba, ita ma nata likkafanin rabi ne, da yadin kanti aka cika.

Guryar nan na yi ƙoƙarin mayarwa. Daminar farko na je gefen gonar, daidai inda nake zaton tudun yake, na binne uku, na kewaye da ƙaya, ko tsiro. Ta biyu na binne biyu, na riƙa ɗaukar ruwa a jarka ina kaiwa, shiru. Na kai ragowar wurin wani malamin aikin gona a jami'ar nan ta Wudil, ya juya su a tafin hannu, ya ce irin tsohuwar audugar nan ce mai shekaru a tsaye, su kansu nemanta suke, in kai shi inda uwar take. Na ce babu uwar, ni na ƙone ta. Sai ya ce in hanzarta, don gurya in ta kwana biyu a ajiye ranta fita yake.

Da damina ta uku na binne ta shida. Bayan kwana goma na koma dubawa, da rana tsaka don a lokacin na samu sarari, babu kowa a wurin sai masara. Ban ga tsiro ba, sai na sa yatsa na tona in ga ko ta ruɓe. Babu gurya a ramin. Bakin zare na taɓa. Na ja, yana fitowa daga cikin ƙasa, kaɗin hannu, mai ɗan duhu-duhu, a bushe ƙamas alhali ƙasar jiƙe take, na yi ta ja har ya ƙare, ƙarshensa a datse. Ban san abin da ya sa ba, na taka bakinsa da ɗan yatsan ƙafa na miƙe tsaye na ja shi sama. Daidai tsakiyar kaina ya tsaya, bai ragu ba bai ƙaru ba. Ina tsaye haka na ji shi a bayana cikin masara, firrr, firrr. Ban waiwaya ba, takalmina ma a can na baro.

Na bar tuƙin tarakta, ko ƙararta na ji sai in canza hanya. Gurya ɗaya ta rage, tana nan cikin tsumman Inna a aljihun 'yar sharata. Shekara huɗu ke nan duk damina sai in ɗauko ta in ce bana zan kai, sai in tuna in ta ƙi fitowa shi ke nan, babu sauran abin da zan mayar musu, in kuma na ci gaba da riƙewa tana mutuwa a aljihuna, wataƙila ma ta daɗe da mutuwa. Na yi istigfari, na yi azumin kaffarar rantsuwa, na yi wa Inna sadaka iya ƙarfina, amma kalmar nan ɗaya da na kai kunne ban ji ba, babu mai faɗa mini ita.

Don haka 'yan'uwa, musamman ku masu hawa manyan injuna, in kuka tarar da auduga ko wani abu ya fito da kansa a daji ko a kufai, kada ku ce ba mai shi, ku sauko ku tambaya, tsibiri a gona bai taɓa kashe kowa ba. Wanda kuma mahaifiyarsa ke da rai, in akwai abin da ka ɓoye mata, tashi yanzu ka je ka faɗa tun bakinta na iya ba ka amsa. Ni na ce gobe. Ku sa Inna a addu'a, ni ma ku sa ni, don jiya da azahar ina alwala a tsakar gida na sake jin ƙugin mazarin, kuma wannan karon ba daga nesa ba ne.